Matata 'Yar Ƙasar Sin Ce, Akwai Ciwon Daji a Danginsu: Me 'Ya'yanmu Suka Gada?

"Assalamu alaikum Likita. Ni ɗan kasuwa ne daga Kano, na daɗe ina zaune a Guangzhou, a can kuma na yi aure. Maiɗakina 'yar lardin Guangdong ce, ta musulunta, Allah ya ba mu 'ya'ya biyu, mace da namiji. Mahaifinta ya rasu da ciwon daji na bayan hanci yana da shekara 56. Ƙanwar mahaifiyarta kuma an cire mata nono tana da shekara 43, tana nan da ranta. Sannan yayanta namiji da ya kurɓi giya sai fuskarsa ta yi jawur, wani abokina ya ce wannan ma alamar daji ce a jini. 'Yan uwana a gida sun fara cewa ai Sinawa kansa a jininsu take, na jawo wa zuriya. Don Allah gaskiya ne? Me ya kamata in yi wa yaran nan?"

Wa alaikumus salam, Alhaji. Ina yi maka da maiɗakinka ta'aziyyar rashin mahaifinta, Allah ya ba ku haƙuri, ya ƙara wa innarta lafiya.

In na fahimce ka, tambaya biyu ce a wasiƙarka. Ta farko, ko akwai wani abu a halittar Sinawa da ke sa ciwon daji ya fi kama su. Ta biyu, wadda na san ita ce ke hana ka barci, ko abin da ya sami mutum uku a dangin matarka yana jiran 'ya'yanka. Bari in ba ka gajeriyar amsa tukuna don hankalinka ya kwanta. Abubuwa ukun da ka lissafa kowanne da tushensa daban, kuma babu ko ɗaya da ke nufin lallai sai yaranka sun kamu. Akwai bambancin gado da ya fi yawa a Sinawa, wannan gaskiya ne, ba zan ɓoye maka ba. Sai dai mafi yawansa ba ya ɓarna shi kaɗai, sai ya gamu da wani abu daga waje: giya, ƙwayar cuta, hayaƙi ko wani nau'in abinci. Mai ƙarfin da ke iya ɓarna shi kaɗai kuwa gida yake bi, ba ruwansa da ƙabila, kuma yana nan a Kano kamar yadda yake a Guangzhou.

Abin da ake gada da wanda ba a gada

Kowace ƙwayar jikinmu tana ɗauke da rubutun umarni da ake kira DNA. A cikinsa akwai ƙwayoyin gado kusan 20,000, kowace biyu-biyu, ɗaya daga uwa ɗaya daga uba. Mu ba baƙi ba ne a wannan ilimi, sikila ta riga ta koya mana abin da ke faruwa idan AS ya auri AS. Daji yana farawa ne idan kurakurai suka taru a rubutun wata ƙwaya guda har ta daina jin umarnin tsayawa, ta yi ta hayayyafa ba ƙaƙƙautawa.

Ka ɗauki malamin da ke kwafar littafi da hannu. Idan kuskuren yana cikin asalin littafin da ya gada, duk kwafin da ya yi zai fito da shi, har wanda almajirai za su tafi da shi garuruwansu. Idan kuwa hannunsa ne ya zame a shafi guda na kwafi guda, a nan kuskuren zai tsaya. Haka abin yake a jiki. Mafi yawan kurakuran da ke haifar da daji irin na biyu ne, suna samuwa a rayuwar mutum saboda shekaru, taba, ƙwayoyin cuta da guba, kuma ba sa wucewa zuwa ga 'ya'ya. Dajin da ya samo asali daga kuskure mai ƙarfi da aka gada bai wuce kashi 5 zuwa 10 cikin 100 ba, a Sin da ko'ina.

Cibiyar kula da ciwon daji ta ƙasar Sin ta ƙiyasta cewa mutum kusan miliyan 4.8 ne suka kamu a shekarar 2022. Adadin yana da ban tsoro, amma ka tuna ƙasa ce mai mutum biliyan 1.4, tsofaffi kuma sun yi yawa a cikinta. Idan aka daidaita lissafin da yawan jama'a da shekarunsu, Amurka da Ostareliya duk sun fi Sin yawan masu kamuwa, da tazara mai yawa. To maganar 'yan uwanka ba ta da madafa. Inda Sin ta bambanta shi ne a irin dajin: na hanta, na ciki, na bututun abinci da na bayan hanci sun fi yawa a can.

Fuskar da ke yin ja

Abokinka ya taɓo gaskiya amma ya kauce mata. Idan mutum ya sha giya, hanta tana fara juya ta zuwa wani sinadari mai guba da ake kira asetaldihaid, sannan wani sinadarin jiki mai suna ALDH2 ya karya wannan gubar ta koma abin da ba ya cutarwa. Kusan kashi ɗaya cikin uku na mutanen Sin, Japan da Koriya suna ɗauke da canjin harafi guda a ƙwayar gadon da ke ƙera ALDH2, wanda ke kashe mafi yawan ƙarfinsa. An ƙiyasta masu shi sun kai miliyan 540. Ya fi yawa a kudu maso gabashin Sin, wajen Guangdong da Fujian, da kuma Taiwan inda ya kusa rabin jama'a. A Afirka da Turai kusan babu shi.

Lokacin da na je ƙaro ilimi a wani asibitin daji a kudancin Sin, na ga abin da idona a wajen liyafa. Wani matashin likita da ke kusa da ni ya ɗaga ƙaramin kofin baijiu, farar giyarsu mai ƙarfi, don girmama shugaban sashenmu. Kafin a kawo kwano na gaba kunnuwansa sun yi ja, jan ya sauko wuya, yana ta sassauta kwalar riga yana cewa zuciyarsa na bugawa da sauri. Bai ajiye kofin ba, domin a can ƙin amsa gayyatar babba a wajen cin abinci abu ne mai nauyi. Daga baya ya gaya mini wasu abokansa suna haɗiyar maganin gyambon ciki kafin su fita, don yana hana fuska yin ja. Wannan ne ya fi tayar mini da hankali, saboda maganin launin kawai yake ɓoyewa, gubar tana nan, kuma yanzu an ba mutum damar ƙara sha.

Asetaldihaid yana manne wa DNA ya lalata shi. A shekarar 2009 hukumar binciken ciwon daji ta duniya da ke birnin Lyon a Faransa ta sa asetaldihaid da ke tattare da shan giya a rukunin farko na abubuwan da aka tabbatar suna haddasa daji. Inda ya fi yin ɓarna shi ne baki, maƙogwaro da bututun da abinci ke bi zuwa ciki. Wanda ya gaji canjin daga uwa da uba duka, giya ba ta ma shayuwa gare shi, kurɓi ɗaya sai amai da jiri, don haka yakan tsira. Mai kwafi ɗaya shi ne a tsaka mai wuya: yana jin zafin amma zai iya daurewa har ya saba. Bincike a Japan, Taiwan da Sin ya nuna irin wannan mutum in ya zama mashayi, haɗarin dajin bututun abinci yana ninkuwa masa sau da yawa, a wasu binciken fiye da sau goma, idan aka kwatanta shi da wanda ke shan daidai abin da yake sha amma ba shi da canjin. In ya haɗa da taba abin ya ƙara muni, domin hayaƙin taba ma yana ɗauke da wannan sinadari.

Ga hujjar da nake so ka riƙe. Akwai wani babban bincike mai suna China Kadoorie Biobank da ya ɗebi manya fiye da 512,000 daga yankuna 10 na Sin tsakanin 2004 da 2008, ana bin lafiyarsu shekara da shekaru. A cikinsu kusan kashi ɗaya cikin uku na maza suna shan giya a kai a kai, mata kuwa kashi 2 cikin 100 kacal. Da aka duba ƙwayar ALDH2, sai aka ga a maza tana da alaƙa da daji ta hanyar giya. A mata, masu ɗauke da canjin iri ɗaya, ba a ga wata alaƙa ba. Gadon ɗaya ne, abin da aka zuba masa ne ya bambanta.

Lissafin gidanka kuwa mai sauƙi ne. In har jan fuskar yayan matarka daga wannan canji ne, to ɗaya daga iyayensu yana da shi, kuma ta yiwu maiɗakinka ta gada, ta yiwu ba ta gada ba. In tana da kwafi ɗaya, kowane yaro yana da rabin damar samu. Daga ɓangarenka ba zai zo ba. A gidan da ba a shan giya ba a shan taba, wannan ba abin da zai sa ka kashe kuɗin gwaji ba ne. Wanda ke bukatar nasiha shi ne yayan matar taka. In kuna shiri, ka sa 'yar uwarsa ta gaya masa jan fuskar nan gargaɗi ne daga jikinsa, kuma in ya daɗe yana sha ya nemi a leƙa masa bututun abinci da kyamara.

Ba duk dajin bututun abinci na Sin ne daga giya ba. A gundumar Linxian ta lardin Henan, gindin duwatsun Taihang, cutar ta addabi maza da mata kusan daidai, kuma an fi danganta ta da ƙarancin abinci mai gina jiki, ganyen da aka tsima da cin abu da zafinsa. Amma wannan can arewa ne, nesa da dangin matarka.

Dajin bayan hanci

Wannan ne ya fi shafar ku kai tsaye. Dajin yana fitowa ne a wani lungu can bayan hanci, inda hanci ya haɗu da maƙogwaro. A yawancin duniya bai kai mutum 1 cikin 100,000 a shekara ba. A Guangdong, Guangxi da Hong Kong an sha samun 20 zuwa 30 cikin maza 100,000. Ya fi kama maza, ninki biyu zuwa uku a kan mata, kuma yana kama su a tsakiyar ƙarfinsu, shekara 40 zuwa 60, kamar surukinka. A asibitin da na zauna, layin masu jiran gashi, wato ƙona dajin da hasken na'ura, kusan duk su ne, kowa riƙe da farar fuskar roba da aka narka daidai kansa don kada ya motsa a ƙarƙashin na'ura, da gorar ruwa a ɗaya hannun saboda gashin yana busar da yawu.

Abu uku ne suke haɗuwa. Na farko bairos ɗin Epstein-Barr, wanda aka gano a 1964 a cikin ƙarin da ke kumbura muƙamuƙin yara a Afirka, wanda likita Denis Burkitt ya bayyana a Uganda a 1958 kuma muna ganinsa a asibitocinmu har gobe. Fiye da kashi 90 cikin 100 na manyan duniya suna ɗauke da wannan bairos, ni da kai kusan tabbas muna ciki, yawanci kuma yana kwance lafiya. A 2019 masu bincike suka nuna akwai wani nau'insa da ya yaɗu a kudancin Sin wanda ya fi sauran haɗari. Ka ga ke nan wani ɓangare na abin da ake ɗora wa jinin mutanen Guangdong, halin ƙwayar cutar da ke yawo a yankinsu ne.

Na biyu abinci. Tun shekarun 1970 Farfesa John Ho na Hong Kong ya lura da yawan cutar a cikin masunta mazauna jiragen ruwa, ya danganta ta da kifin da ake jiƙawa da gishiri a shanya har ya ɗan ruɓa, wanda ake marmasawa a kunun shinkafa a bai wa yaro lokacin yaye. Bincike ya gaskata shi, kuma haɗarin ya fi ga wanda ya ci tun yana ƙarami. Hukumar Lyon ta sa wannan kifi ma a rukunin farko.

Na uku shi ne gadon. Akwai ƙwayoyin gado da ake kira HLA, aikinsu nuna wa garkuwar jiki abin da ya ɓuya a cikin ƙwaya don ta kai masa hari. Mutane sun bambanta ƙwarai a nan. Wani nau'i mai lamba A*02:07, wanda ya fi yawa a kudancin Sin, yana ƙara haɗarin, wani kuma mai lamba A*11:01, shi ma mai yawa ne a can, yana rage shi. Babban binciken da cibiyar daji ta Jami'ar Sun Yat-sen da ke Guangzhou ta jagoranta a 2010 ya tabbatar cewa a wannan yanki na HLA ne alamar gado ta fi ƙarfi. Amma kowanne ɗan ƙari yake yi. Miliyoyin mutane suna da A*02:07 sun tsufa lafiya, shi ya sa ba ma aika mutum ya auna shi don sanin makomarsa.

Abin da ke nuna gado ba shi kaɗai ke aiki ba: a Hong Kong cutar ta ragu ƙwarai tun daga shekarun 1980 da mutane suka canza abinci, alhali jininsu bai canza ba. Sinawan da aka haifa a Amurka ba su kai iyayensu da suka yi ƙaura kamuwa ba, ko da yake har yanzu sun fi Turawan da suke maƙwabtaka da su. Wannan ragowar ita ce rabon gado.

Ga maiɗakinka maganar tana da nauyi. Wanda uba, uwa ko ɗan uwansa na ciki ɗaya ya yi wannan daji, haɗarinsa ya kai ninki huɗu ko fiye. Kasancewarta mace yana rage mata, amma ina ba da shawara ta je a duba ta, musamman in ta haura 30, ita da yayan nata. A Guangzhou wannan gwaji ba baƙo ba ne: a ɗebi jini a nemi alamun bairos ɗin Epstein-Barr, in an ga wani abu a leƙa hanci da siririyar kyamara. A 2017 ƙungiyar Farfesa Dennis Lo a Hong Kong ta wallafa sakamakon auna jinin maza 20,174 da ba su da wata alama. An sami 34 da cutar, kashi 71 cikin 100 nasu a matakin farko ko na biyu, alhali a da kusan kashi 20 ne kawai ake kamawa da wuri haka. Wanda aka kama da wuri, gashi yana warkar da mafi yawansu. Alamun da ba a jinkiri da su: kaluluwa a wuya marar zafi da ta ƙi baje, toshewar kunne ɗaya, haɓo ko majina mai jini-jini, da toshewar hanci gefe guda.

Yaranka jikoki ne, sun yi nisa da taki guda, rabin HLA ɗinsu kuma naka ne. Abin da ke hannunka shi ne kwanonsu. In kakarsu ta kawo kifin gishirin nan don ƙauna, a karɓa da godiya, amma kada ya shiga abincin yara.

Hanta: abin da ya yi kama da gado

Ba ka ambaci wannan ba, ni zan kawo shi domin ya fi duk sauran saurin gyaruwa. A Sin za ka ga gida guda uwa, ɗa da kawu duk dajin hanta ya ɗauke su, a ce gado ne. Galibi ciwon hanta nau'in B ne da ke wucewa daga uwa zuwa jariri wajen haihuwa. Jaririn da ya kamu, kusan 9 cikin 10 cutar tana zama masa ta din-din-din. A 1992 kusan kashi 10 cikin 100 na Sinawa suna ɗauke da ita. Da aka dage da allurar rigakafi tun ranar haihuwa, zuwa 2014 yara 'yan ƙasa da shekara 5 masu ita sun koma kusan kashi 0.3.

A Qidong, bakin kogin Yangtze a lardin Jiangsu, bairos ɗin ciwon hanta B ya haɗu da gubar afalatoksin daga masarar da ta yi fumfuna. A 1991 aka gano wani tabo na musamman da wannan guba ke bari a wata ƙwayar gado mai suna TP53 cikin ƙarin hantar mutanen can, an kuma ga irinsa a Mozambik da Gambiya. Tabo ne da ake samu a rayuwa, ba a haihuwar mutum da shi. Da mutanen Qidong suka koma cin shinkafa a shekarun 1980, mutuwa daga dajin hanta ta ragu a masu tasowa. A nan mu da su jirgi ɗaya ya ɗauko mu: gyaɗa da masarar da aka adana da danshi muna da su, kuma binciken ƙasa na 2018 ya nuna kusan kashi 8 cikin 100 na manyan Najeriya suna ɗauke da ciwon hanta B. Kai ma ka auna, Alhaji, ita ma ta auna, a kuma duba katin rigakafin yaran.

Za ka kuma ji ana cewa dajin huhu na Sinawa yana da canji a wata ƙwayar gado mai suna EGFR, kusan rabin masu wani nau'insa, musamman mata marasa shan taba. Gaskiya ne, amma kusan kullum a cikin ƙarin canjin yake, likita yana nemansa ne don zaɓen magani.

Innar maiɗakinka

A nan ne kawai a labarinka nake tunanin gado mai ƙarfi. BRCA1 da BRCA2 ƙwayoyi ne masu gyara DNA idan ya tsinke. Macen da ta gaji ɗaya a lalace tana da babban haɗarin dajin mama da na ma'ajiyar ƙwai. A Turawa an ƙiyasta kusan 7 cikin 10 za su kamu da na mama kafin shekara 80, ƙiyasin da aka yi a matan Sin ya fito ƙasa da haka amma har yanzu mai girma ne. Namiji ma yana ɗauka ya kuma bayar, BRCA2 tana ƙara masa haɗarin dajin furostet, wato ƙullutun da ke ƙasan mafitsarar namiji.

Wani bincike a Beijing da aka wallafa a 2017 ya auna mata 8,085 masu dajin mama, ya sami lalatacciyar BRCA a kashi 5.3 cikin 100, BRCA2 ta fi yawa. A 2018 ƙungiyar Farfesa Olufunmilayo Olopade ta auna mata 1,136 masu wannan cuta a Ibadan, ta sami BRCA1 a kashi 7, BRCA2 a kashi 4.1. Ba zan ɗora alkaluman Ibadan kai tsaye a kan Hausawa ba, amma sun isa su nuna maka wannan gado ba kayan Sinawa ba ne. Duk wanda zai bincika dangin matarka, ya bincika naka.

Shekara 43 ƙuruciya ce, sai dai matan Sin dama sukan kamu da wuri fiye da Turawa da kusan shekara goma, don haka mace ɗaya a dangi ba ta isa a yanke hukunci ba. Ko da an tabbatar innar tana da canjin, damar mahaifiyar matarka rabi ce, ta matarka ɗaya cikin huɗu, ta 'yarka ɗaya cikin takwas. Hanya mafi hikima ita ce a fara auna innar tunda tana raye. In an samu, an san takamaiman harafin da za a nema a sauran. In aka fara da mai lafiya aka ga babu komai, ba a san ko dama babu abin a gidan ba ne ko ita ce ta tsallake.

Ka guji gwajin tofa yawu a kwalba da ake talla a intanet. Wani da aka amince da shi a Amurka a 2018 canji uku kacal na BRCA yake dubawa a lokacin, waɗanda suka yawaita a Yahudawan Ashkenazi, wato Yahudawan asalin Turai, na Sinawa kuwa wasu ne daban. Ko a gwajin asibiti akwai matsala: kusan kashi 80 cikin 100 na mutanen da aka yi manyan binciken gado a kansu asalin Turai ne, don haka Basine ko ɗan Afirka ya fi yawan samun sakamakon da ke cewa an ga canji amma ba a tantance ma'anarsa ba. Irin wannan sakamako ba a cire wa mace nono a kansa. Yaranka da suka haɗa jinin ɓangarori biyun da aka fi bari a baya sun fi kowa fuskantar wannan, kuma ilimin bai kai matsayin da likita zai ba su lamba guda ya ce ga haɗarinku ba.

A ɗakin duba marasa lafiya, kafin kowane gwaji takarda nake ɗauka in zana dangi hawa uku, kowa da ciwonsa da shekarun da ya kamu. A gida matsalata ita ce dangi da yawa amma ba labari: in tambayi baiwar Allah me ya kashe kakarta, ta ce ƙurji ne a nono aka ce jifa ne. A Sin akasin haka ne, takardun asibiti suna nan amma dokar haihuwar ɗa ɗaya da ta yi aiki daga wajen 1980 zuwa 2015 ta rage 'yan uwan da za a duba a matasa. Ku kun yi sa'a, tsarar surukarka suna da 'yan uwa. Maiɗakinka ta zauna da mahaifiyarta ta tambaya: akwai wata da ta yi dajin mama ko na ma'ajiyar ƙwai, akwai wanda ya kama nono biyu, akwai namijin da ya yi na mama ko na furostet da wuri? A bi a hankali, domin tsofaffinsu da yawa ba sa son ambaton cuta da mutuwa.

Ban ga takardun surukinka ko na innar ba, kuma wasiƙa ba ta maye gurbin zama da likita, don haka abin da na faɗa jagora ne zuwa ƙofar da ta dace. Yaran ba sa bukatar gwajin gado yanzu. BRCA ba ta yin komai a yarinta, sa ido a kan mai ɗauke da ita daga wajen shekara 25 yake farawa, kuma haƙƙinsu ne su zaɓa da kansu in sun girma. In innar ta yarda aka auna ta, kada ku karanta sakamakon ku kaɗai, ku kai wa likitan da ya san fannin gado a babban asibitin daji. Ku nemi kwafi da Turanci mai ɗauke da cikakken sunan canjin, haruffa da lambobi, ku haɗa da rahoton naman da aka auna na mahaifinta in yana nan, ku adana tare da takardun haihuwar yaran. In sun dawo Najeriya da girmansu, wannan layi guda likitansu zai nema kafin ya san gwajin da zai rubuta.